Raini Cikin Rigar Wasa

Ranar 22 ga Satumba, 2019, Bernardo Silva, ɗan ƙwallon Fotugal da a lokacin yake taka leda a Manchester City, ya ɗora hotuna biyu a Twitter dab da juna. Ɗaya na abokin wasansa Benjamin Mendy ne yana ƙaramin yaro. Ɗayan kuma zane ne na wata baƙar halitta mai ƙaton jan leɓe, wadda a da ake bugawa a jikin ledar wata gyaɗa mai cakulan da ake sayarwa a Sifaniya da Fotugal, mai suna Conguitos. Ya ce a canki ko wane ne. Ba a yi awa guda ba ya goge, sannan ya yi ƙorafi cewa yanzu mutum ko da abokinsa ba shi da ikon yin raha. Mendy ya amsa da dariya, daga baya ma ya rubuta wa hukumar ƙwallon Ingila cewa shi bai ji haushi ba. Kocinsu Pep Guardiola ya tsaya kai da fata wajen kare Silva. Duk da haka, a watan Nuwamba hukumar ta hana shi buga wasa ɗaya, ta ci shi tarar fam 50,000, alhali ita kanta ta yarda ba da nufin wariyar launin fata ya yi ba.

Bahaushe zai fi kowa saurin cewa, to mene ne laifin? Mutanen nan tare suka ci gasar lig ta Faransa a Monaco a 2017, a shekarar kuma suka koma Manchester tare. Wanda aka yi wa bai ji zafi ba, ina ruwan ɗan kallo? Tambayar tana da nauyi, domin mu mutane ne da suka san wasa. Bafillace zai tare Babarbare a tsakiyar kasuwa ya kira shi bawansa, shi kuma ya mayar masa da wadda ta fi ta zafi, a tashi ana tafawa. Haka Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, ɗan mace da ɗan namiji, jika da kaka. A Nijar abin ya yi ƙarfin da hukumar UNESCO ta sa wannan barkwanci cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014. Baƙon da bai san dawan garin ba, in ya ji abin da taubasai ke faɗa wa juna, zai rantse yau sai an zubar da jini.

Sai dai wasan nan yana da sharaɗi, ko da ba a rubuta shi ba. Duka ɓangarorin biyu suna da baki, wanda aka jefa yau shi zai yi jifa gobe. Masu sauraro sun san alaƙar da ke tsakani. Kuma ba kowa ke da izinin shiga ba: kalmar da Babarbare zai haɗiye daga bakin Bafillace, in wani can ya ɗauka ya yaɓa masa, faɗa ne. Abin da Silva ya manta ke nan. Raha ce ta cikin zaure ya ɗauko ya baza a kasuwa, inda dubban ɗaruruwan mutane ke wucewa, mafi yawansu ba su san Monaco ba, ba su san abota ba, zanen kawai suka gani kusa da fuskar baƙin yaro.

Zanen kuwa ba Silva ya ƙirƙiro shi ba, ya girme shi nesa ba kusa ba. Sunan alewar daga Kwango aka samo shi, an kuma fito da ita a farkon shekarun 1960, daidai lokacin da ƙasar ke fita daga hannun Beljiyam. Zanen farko har da mashi a hannu. Kafin nan, a 1897, Sarkin Beljiyam Leopold na Biyu ya sa an kwaso mutanen Kwango 267 aka baje kolinsu a Tervuren kusa da Brussels, Turawa na zuwa kallo, bakwai daga cikinsu suka mutu a can. A 1906 an ajiye wani ɗan Kwango mai suna Ota Benga a ɓangaren birai na gidan namun dajin Bronx a New York. Har a 1958, a babban baje kolin duniya na Brussels, an sake kafa ƙauyen 'yan Kwango a bayan shinge. Ƙaton leɓen nan da zazzararrun idanu daga wannan zamani suka fito, kuma aikinsu ɗaya ne, su koya wa ɗan Bature tun yana shan alewa cewa baƙin mutum abin dariya ne, bai gama zama mutum ba. Mendy yana da ikon yafe nasa. Ba shi da ikon yafewa a madadin baƙin yaron da ke makaranta a Lisbon ko Madrid, wanda 'yan ajinsu ke kiran sa da sunan alewar nan, yanzu kuma sun ga tauraronsu ya yi.

Wannan bai sa na yarda cewa duk wanda aka yi wa ca a intanet mai laifi ne ba. Ranar 29 ga Nuwamba, 2020, Edinson Cavani, ɗan Uruguay, ya shigo daga benci ya ci wa Manchester United ƙwallo biyu a gidan Southampton. Wani amininsa ya taya shi murna a Instagram, shi kuma ya gode masa da kalmar “negrito”, wadda a Uruguay ake faɗa wa masoyi ko ɗa ko aboki, baƙi ne ko fari. Da aka nuna masa yadda za a ji ta a Ingila, nan take ya goge ya ba da haƙuri. Hukumar ta yarda ba shi da mugun nufi, amma ta dakatar da shi wasa uku, ta ci shi fam 100,000. Cibiyar harshe ta ƙasar Uruguay ta fito ta ce jahilci ne ya yanke wannan hukunci, ƙungiyar 'yan wasan ƙasar ma ta ce wariya ce aka nuna wa al'adarsu. A ganina suna da gaskiya mai yawa. Mutum ya yi magana da harshen uwarsa, da amininsa, cikin ƙauna, sai a auna shi da kunnen Landan kaɗai, kamar dai sauran harsunan duniya sai sun nemi izinin Ingilishi kafin su yi ma'ana. Shi ma wannan raini ne.

A kwatanta da ɗan ƙasarsu Luis Suárez. A watan Oktoban 2011, a filin Anfield, ya yi ta maimaita wa Patrice Evra kalma daga wannan dangi a tsakiyar cacar baki, fuska a murtuke. Da aka tuhume shi, shi ma al'adar Uruguay ya kawo, aka dakatar da shi wasa takwas da tarar fam 40,000. Ƙasa ɗaya, kusan kalma ɗaya, amma ko yaro ya san bambancin wanda ya rungume ka ya kira ka da wani suna da wanda ya jefe ka da shi cikin fushi. Al'adar da ta wanke Cavani ba ta wanke Suárez ba.

Kuma ko a inda al'adar ta yi hujja, akwai tambayar da nake so a riƙa yi: da aka ce “a wurinmu ba zagi ba ne”, bakin wa ya faɗa? Uruguay na alfahari da kyaftin ɗinta na kofin duniya na 1950, Obdulio Varela, wanda suke wa kirari da Baƙin Shugaba. Amma ita ce kuma ƙasar da a 2013 sai da ta yi doka ta ware wa baƙaƙenta kashi 8 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, saboda ta amsa cewa an daɗe ana danne su. Sau da yawa masu rinjaye ne ke shelar cewa suna bai da zafi, wanda aka laƙaba wa kuwa ya yi shiru ne don ya gaji da bayani, ko don abincinsa na hannunsu.

To me ake kira wariyar launin fata? Ba kowace ambaton launi ba ce, ba kuma sai an yi ashar ba. Raini ne da ake ɗora wa mutum saboda halittar da bai zaɓa wa kansa ba, har a mayar da shi ƙasa da sauran mutane. Niyya tana da muhimmanci, shi ya sa wanda ya yi cikin rashin sani ya cancanci a yi masa bayani kafin a yi masa hukunci. Amma halin mutum na ainihi yakan fito ne bayan an faɗa masa. Wani zai ce ban sani ba, ya janye. Wani kuma zai ce kun cika ƙorafi, ya ƙara wata, domin a zuciyarsa zafin da wancan ya ji bai kai darajar dariyarsa ba. A hadisi, da Abu Zarri ya goranta wa wani mutum mahaifiyarsa, Manzon Allah (SAW) bai tsaya tambayar ko haka aka saba magana a garinsu ba, ya nuna masa cewa sauran jahiliyya ce ke tare da shi.

Akwai kuma inda babu wata al'ada da za a fake da ita. Da Bukayo Saka, ɗan shekara 19 mai iyaye 'yan Najeriya, ya ɓarar da fanareti a wasan ƙarshe na gasar Turai da Ingila ta buga da Italiya ranar 11 ga Yuli, 2021, shafinsa ya cika da hotunan biri, haka na abokan wasansa Rashford da Sancho. A Mayun 2023 aka yi wa Vinicius, ɗan wasan Real Madrid, kukan biri a filin Valencia, sai a Yunin 2024 kotu ta yanke wa mutum uku ɗaurin wata takwas. Waɗannan sun san abin da suke yi sarai.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke tafasa idan an yi wa Vinicius, sannan mu koma TikTok mu yi wa junanmu irinsa. Yarinya baƙa ta ɗora hotonta, sai ka ga samari na tambaya ko an ɗauke wuta ne, wani ya ce shi fara yake so ko mayya ce, a bi da dariya. Wanda ya tanka a ce ba ya gane wasa. Wasan da gefe ɗaya ne kullum ke kuka ba wasan taubasai ba ne, kuma sakamakonsa na nan jere a kan kantar masu man bilicin, yana cin fatar 'yan mata da ƙodarsu. Haka gorin asali. A 1996 aka sayar da Hadijatu Mani a Nijar tana 'yar shekara 12, sai a 2008 kotun ECOWAS ta hukunta cewa ƙasarta ta gaza kare ta daga bauta, shekara biyar bayan an haramta bautar a dokar laifuka. Bafillacen da ke kiran Babarbare bawansa gobe zai iya ba shi 'yarsa da hannu biyu. Amma har yau akwai gidajen da ake kai kuɗin gaisuwa a karɓa, sai bincike ya gano kakan yaron bawa ne, ko maƙeri, ko mahauci, a mayar da kayan da daddare, a ce wa iyayensa an yi istihara ba ta yi kyau ba.