Mas'alar Littafin Mai Awo a Zamanin Tsada

 

Ka sani ya kai ɗan'uwa, almajiri kake ko ɗan kasuwa, a kowace unguwa ta birnin Katsina akwai wani littafi wanda ba a karanta shi a zaure, alhali kuwa da shi gidaje masu yawa suke ɗora tukunya. Shi ne littafin bashi na mai awo. In ka zauna wajen Ƙofar Kwaya da la'asar sakaliya, za ka ga magidanci ya tsaya gaban mai awo, ya tsawaita gaisuwa fiye da yadda aka saba, ya jira sai mutane sun ragu, kana ya sassauta murya ya ce, "Malam, a auna mini tiya guda ta masara, a rubuta." A kan wannan kalma ta "a rubuta" za mu yi magana, domin ta haɗa mutane da yawa, ta kuma raba waɗansu.

Dalilin da ya sa littafin nan ya yi kauri ba ɓoyayye ba ne. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. A watan Yuni na 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar Amurka da gwamnati ke ba wa wajen naira 460 ta wuce 1,500 a Fabrairun 2024. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya sa aka rufe iyaka, hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ta mutu wata da watanni. Ga kuma 'yan bindiga sun hana manoma da yawa shiga gonakinsu a Batsari da Safana da Ƙanƙara da Faskari. Duk buhun da ya taso daga Ɗandume ko Bakori sai ya ɗauki nauyin waɗannan abubuwa kafin ya sauka birni. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar abinci ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda, alhali mafi ƙarancin albashi yana nan a naira 30,000 tun 2019, sai a Yulin 2024 aka mai da shi 70,000.

Gidaje sun yi abin da gidaje ke yi. An sauka daga shinkafa zuwa masara, daga ci uku zuwa biyu, an rage man miya, an sayar da akuya, mata sun fid da kayan ɗakinsu a ɓoye, an fita daga adashi don babu abin zubi. Amma kowace dabara cikin waɗannan tana da iyaka. Akuya sau ɗaya ake sayar da ita. In duk sun ƙare, abin da ya rage shi ne mai awo da littafinsa, kuma Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa.

To, ga mas'alar. Mu ƙaddara magidanci ya karɓi tiya 10 ta masara a lokacin da tiya take naira 1,000, bai sami halin biya ba sai bayan wata shida, tiya ta zama 2,000. Ya zo da dubu goma. Mai awo ya ce, "Tiya goma na fid da daga buhuna, wannan kuɗi kuwa tiya biyar zai mayar mini. Ina sauran biyar?" Magidanci ya ce, "Dubu goma na ci, dubu goma na kawo. Ni ban ƙara wa masara kuɗi ba, abin da nake samu kuma bai ƙaru ba." Ka lura, babu maƙaryaci a cikinsu. Tiya biyar ta ɓace haƙiƙa, ba a cikin ɗayansu ta shiga ba, kuma tilas ɗayansu ya ɗauki hasararta. Wane ne?

Harshenmu kansa ya riga ya share mana rabin hanya, domin Bahaushe bai haɗa aro da rance da bashin ciniki ba. Abin aro shi kansa ake mayarwa, kamar tsani ko jaki. Rance kuwa misalinsa ake mayarwa: in matarka ta ranci tiyar gero wurin maƙwabciya, tiyar gero ce a kanta, gero ya yi tsada ko ya yi araha. Amma in ciniki aka yi, aka faɗi kuɗi, aka jinkirta biya, to masara ta zama ta mai saye tun ranar da aka auna, abin da ya rage a wuyansa kuɗin da aka ambata ne. Wannan shi ne abin da almajiri ke tararwa a babin ciniki na Risala da Muhtasar. Saboda haka in an faɗi naira 1,000 ranar awo, dubu goma ce haƙƙin mai awo, ba shi da ikon ya ce a ƙara masa don an jinkirta. Ƙarin da aka ɗora wa bashi saboda tsawon kwanaki shi ne ainihin kuɗin ruwa da aka hana, ko da an sake masa suna.

Idan mai tambaya ya ce, "Ashe ba zalunci ba ne a mayar wa mutum takardun da suka rasa rabin ƙarfinsu, a ce an biya shi?" sai mu ce masa tambayarka ba sabuwa ba ce, kuma ba ta wauta ba ce. Kakanninmu sun ga wuri ya yi yawa har ya wulaƙanta, iyayenmu sun ga fam da sule sun ba naira wuri a 1973, sun kuma ga abin da ya sami naira bayan tsarin gyaran tattalin arziki na 1986. Malamai sun daɗe da duba irin wannan. Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, ya tafi a kan cewa in ƙananan kuɗi suka faɗi ko suka tashi, ƙimarsu ake biya. Mashhurin mazhabar Malik kuwa shi ne adadin da aka ambata ake biya. Malam Rahuni na Maroko, cikin malaman Malikiyya na baya, ya togace inda faɗuwar ta yi muni ƙwarai, har mai karɓa ya zama kamar wanda aka ba abin da ba shi da wani amfani. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tsaya a kan biyan misali, ba ƙima ba.

Ni a ganina mashhurin nan shi ne mafi dacewa da kasuwar unguwa, ba don babu cuta a cikinsa ba, sai don cutar da ke cikin ɗaya hanyar ta fi girma. In aka buɗe ƙofar sake lissafi, wa zai faɗi ƙimar? Farashin safe ko na yamma, na babbar kasuwa ko na bakin titi? Mai awo ne ke riƙe da littafi da alƙalami, magidanci kuwa ya zo da kunya da yunwa, ba zai iya musu ba. Bashin da ba a san iyakarsa ba sai ranar biya igiya ce a wuyan talaka, bai san tsawonta ba.

Kuma a nan ne mafi yawan rigimar take. Sau da yawa ba a faɗin kuɗi sam. Magidanci yana jin nauyin tambaya, mai awo yana ganin shiru ya fi masa, sai a rubuta "tiya uku" a wuce, kowannensu ya tafi da nasa lissafi a zuci. Cinikin da ba a san kuɗinsa ba ɓatacce ne a wurin malamanmu, saboda gararin da ke ciki. Maganinsa kuwa numfashi guda ne: a ce "tiya uku, naira kaza, zuwa ranar kaza," a rubuta kuɗin a gaban mai karɓa, a karanta masa in ba ya karatu. In mai awo yana tsoron tashin farashi, yana da halin ya faɗi kuɗin bashi sama da na hannu tun farko, matuƙar an tsaya a kan magana ɗaya kafin a rabu, bai kuma mai da buƙatar ɗan'uwansa abin farauta ba. Kunyar da ta hana tambaya ranar awo ita ke jawo zagi ranar biya.

Amma kada magidanci ya ɗauka an wanke shi ke nan. Hukunci ya tsayar da adadi, bai halatta jinkiri ba. Ka dubi mai awon nan da kyau: ba attajirin Dawanau ba ne, mai buhu biyu ne ko uku, wani lokaci ma shi kansa bashi ya ɗauko su wurin dillali. Jarinsa buhu ne, ba takarda ba. Duk ranar da kuɗinsa ya kwana a hannun wani, a zamanin da farashi ke tashi kowane mako, wani sashe na buhun ya narke. Wanda ya sami kuɗi ya fara da ɗinkin Salla, ko gudummawar biki, ko sabuwar waya, ya ce mai awo ai na gida ne zai jira, to ya sani daga buhun mutum ya yi ɗinkin nan. Ya kuma cuci wanda ba ya gani, domin ranar da mai awo ya karye, ko ya rantse ba zai ƙara rubutawa ba, gwauruwa da marayun da ke bayan layi su ne za su kwana da yunwa. Na ga wanda ya sake hanyar masallaci don kada ya bi ta gaban mai awo, alhali ya dawo daga kasuwa da kaza a hannu.

Akwai kuma ƙofar da shari'a ta bari a buɗe, mutane ba su cika shiga ba. Wanda ake bi kuɗin ciniki, in ya zo biya ya ƙara wani abu don ransa, ba da sharaɗi ba, ba da alkawari ba, malamanmu sun halatta. A rance ne Ibnul Ƙasim da Ashhabu suka saɓa game da ƙarin adadi. Saboda haka magidancin da Allah ya buɗa wa, ya san dubu gomarsa tiya biyar za ta saya, ya ɗora dubu biyu ko uku ya ce, "Malam, ga wannan, na san abin da jinkirina ya jawo maka," bai ci kuɗin ruwa ba, bai ba da shi ba. Abin da ya haramta mai awo ya nema, ya halatta magidanci ya bayar.

Saura wanda babu gare shi da gaske. Shi umarnin a kansa bayyananne ne, a saurara masa har ya samu. Sai dai ina tambaya, don me za a bar mai buhu biyu shi kaɗai ya ɗauki sauraron unguwa guda? Masu bashin da suka kasa biya suna cikin kashi takwas da ake ba zakka. Alhazan da ke tara jama'a a ƙofar gida, a yi ta turereniya a rana saboda kwano guda, da ɗayansu zai tambayi limamin unguwa su wane ne bashin abinci ya danne, ya kira su ɗaya ɗaya da dare ya ba kowa abin da zai soke sunansa, da ya 'yanta magidanci, ya mayar wa mai awo buhunsa, ya kuma buɗe shafi ga wanda zai zo gobe, duk da kuɗi ɗaya.

Ga mai awon da har yanzu yake ganin an tauye shi, sai ya tuna da 2025. Bayan gwamnati ta ɗage harajin shigo da waɗansu kayan abinci a 2024, damina kuma ta yi kyau, farashin masara da gero da shinkafa ya sauko, waɗanda suka cika rumbuna suna jiran ƙarin tsada suka tafka hasara. Magidancin da aka rubuta wa tiya da tsadar Agustan 2024, ya zo biya bayan masara ta faɗi, kuɗin nan na tsada ya ƙirga cif, ba a rage masa ko kwabo ba, kuma ban ji mai awon da ya ce a sake lissafi ba.