Kunya da Nasiha a Wurin Aiki: Wa Ke Ɗaukar Alhakin Shiru?

Kasuwancin Maraɗi, wanda ya bunƙasa da gyaɗa kafin ya karkata ga fatauci da Katsina da Kano, an gina shi a kan dangantakar ubangida da bara, wato attajiri da yaron da ke juya masa dukiya bisa amana, kamar yadda Emmanuel Grégoire ya bayyana a littafinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi. A nan wata tambaya ta addini take tasowa: idan bara ya hango asara ko zalunci a umarnin maigidansa, kunya ta hana shi magana, shirunsa ladabi ne ko cin amana?

Malamai ba su ɗauki kunya aibi ba, domin reshe ce ta imani. Sai dai sun rarrabe tsakanin mudara, wato tausasa lafazi don gaskiya ta samu shiga, da mudahana, wato ɓoye gaskiyar kanta don kare abincin mutum; ta farko abin yabo ce, ta biyu kuwa abin zargi. Umarnin da aka ba Annabi Musa da Haruna a Suratu Ɗaha na su sassauta harshe ga Fir'auna bai ba su izinin rage saƙon ba. Saboda haka baran da ya amsa da "to, Alhaji" alhali ya san kayan ba za su sayu ba, bai girmama kowa ba.

Duk da haka, zalunci ne a ɗora wa ƙarami dukan nauyin, shi da ake iya sallamarsa da kalma ɗaya. Magabata sun gane cewa babba ba ya jin gaskiya sai ya buɗe mata ƙofa, shi ya sa Sarkin Katsinan Maraɗi yake da Ƙaura da Galadima da Durɓi da Ƴandaka, Sarkin Gobir a Tibiri kuma yake da Taran Gobir, manyan da ke da hurumin faɗa wa sarki abin da talaka ba zai iya furtawa ba. Attajiri ko darakta da ya kewaye kansa da ƴan amshin shata ya yi tarayya a alhakin kowane shiru.

A gonakin ban ruwa na Jiratawa, kusa da Maraɗi, matsalar tana da wata fuska, domin takardun ma'aikata da Faransanci ake rubuta su, manomin da ke biyan kuɗin ruwa kuwa da Hausa yake lissafi. Ma'aikacin da ya karanta wa taron manoma alƙaluma da harshen da ba su ji, sannan ya ɗauki shirunsu a matsayin yarda, ya hana su hakkin musantawa, kuma shari'a ba ta ƙidaya yardar wanda bai san abin da aka ƙulla da shi ba.