Ɗana, Idan Sitiyari Ya Yi Rawa a Hannunka

Ɗana, kai da ke lodin fasinja daga Nasarawa Burkullu zuwa Anka ko Gummi, ka ba ni aron kunnenka. Idan kana cikin gudu ka taka birki, ka ji sitiyari yana karkarwa a tafin hannunka, kada ka ce ai haka motar take. Na sha jin direbobi suna cewa wai halin Golf ne, wai halin Sharon ne. Babu motar da aka ƙera da wannan hali. Wani abu ne ya lalace, kuma galibi a ƙafafun gaba yake.

Kafin ka je wurin bakanike, kai ne za ka fara bincike, domin kai ne a kan kujerar. Lura da lokacin da rawar ke zuwa. In tana zuwa ko ba ka taɓa birki ba, da zarar allura ta doshi 80 ko 100, to ka zargi taya: ko ba a yi mata balansin ba, ko ta yi ƙulu, ko rami ya lanƙwasa rim. In kuwa motar na tafiya sumul, sai ka taka birki rawar ta taso, ka ɗaga ƙafa ta lafa, to faifan birkin gaba ne. In a kujera da ƙasan ƙafarka kake jin ta fiye da a hannu, a duba na baya.

Faifan nan ƙarfe ne da ke juyawa tare da taya, fad biyu suna matse shi ta kowane gefe. Muddin kaurinsa ɗaya ne ko'ina, matsewar lafiya lau take. Amma da wani wuri ya ɗara wani, ko da da kaurin silin gashi ne, duk zagaye sai fad ya yi tuntuɓe a wurin, tuntuɓen ya biyo ƙarafan sitiyari har hannunka. A gudun cikin gari da ƙyar za ka ji. A kan babban titi taya na juyawa fiye da sau 10 a daƙiƙa guda, shi ya sa abin ke zama karkarwa.

Zafi ne babban mai ɓata faifai, kuma aikinmu a nan na tara zafi ne. Ranar kasuwa an cika but da buhunan gero da wake, an ɗaure wasu a sama, mutum huɗu a baya, biyu a gaba. Ka taso a guje, rami ya ɓullo, ka danne birki. Ka sake tashi, wani ramin ya sake ɓullowa. Kafin ka kai Daki Takwas faifan ya yi zafin da ba ka iya kusantar da hannu. Sai ka tsaya a shinge ka ci gaba da danne birkin, fad ya manne wuri ɗaya ya bar tabonsa. Ko kuma da damina ka afka da shi cikin ruwan da ya kwanta a hanya. Koyi rage gudu da giya, ɗana, ka bar wa birki ƙarashen aikin.

Akwai kuma ɓarnar da ake yi a rumfar mai faci. An mayar da taya, yaro ya hau kan sifana da ƙafa ya ɗaure noti ɗaya tam, sauran ya bi su a jere. Wannan kaɗai na iya karkatar da zaman faifai. Tsaya a kansa: a goge tsatsa da ƙasa daga mazaunin tayar, a ɗaure notoci a tsallake, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, da ƙarfi iri ɗaya.

A gareji, ka sa a ɗaga motar da jak kana kallo. Kama tayar ta dama da hagu ka girgiza. In ta yi wasa, tayarod ya saki. Kama ta sama da ƙasa; in ta motsa, boris ne ko boljoyin. Waɗannan sukan ƙara wa rawar ƙarfi, kuma in ɗayansu ya cire a kan gudu, sitiyari ba shi da sauran iko da tayar. A cire taya ka dubi faifan da idonka: zane-zane masu zurfi, tabo mai shuɗi-shuɗi na ƙuna, tsagewa. In fad ɗin gefe ɗaya ya cinye ya bar ɗan'uwansa, kalifa ce ta maƙale, kuma in ba a gyara ta ba sabon faifan ma haka zai ƙare.

Na san abin da ke sa ka gudu. Hanyar Mayanci zuwa Anka har Gummi ta ga tashin hankalin 'yan bindiga, ba wanda ke son yamma ta yi masa a daji. Ba zan ce maka tsoron nan banza ba ne. Amma ka sani, in ka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata ninkuwa take sau huɗu. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙayyade kilomita 80 a awa ga irin wannan titi, kuma da lafiyayyen birki aka yi lissafin. Mutanen da ke bayanka amana ne, wata da goyo, wani da kuɗin da ya sayar da sansa.

In an ce a fere faifan, a fara aunawa. Kowane faifai akwai iyakar kaurin da aka buga a jikinsa. Wanda ya kai nan, sai dai a sake. Kada ka sake na gefe ɗaya don tsimi, domin motar za ta riƙa fizga gefe. Dama da hagu tare, da sabon fad. Bayan gyara kada ka yi lodi nan take. Fita kai kaɗai inda hanya ta miƙe, ka taka birki a hankali daga 60 zuwa 20 sau da yawa, ba tare da ka tsaya cik ba, har fad da faifai su zauna da juna. In har yanzu kana jin motsi a hannunka, juya ka koma garejin a ranar.