Idan Na Ce a Daina, Na Yi Zunubi?

Wata uwa a ikkilisiyarmu ta aika a kira ni. Shekara 2 da suka wuce an yanke mata wani sashi na tumbi saboda ciwon daji, muka yi sujadar godiya. Yanzu ciwon ya komo, ya bazu a kan tantanin da ya lulluɓe hanji da sauran kayan ciki. Ruwa yana taruwa, ciki yana kumbura, jiki kuwa yana ramewa. Kowane mako 3 ana yi mata ƙarin ruwan maganin da ake kira kemo. Ta kama hannuna ta ce, "Baba Fasto, na gaji. Idan na ce a daina, na yi zunubi?"

Kafin mu amsa, ya kamata mu san abin da maganin yake yi. Kemo yana kashe ƙwayoyin jiki masu saurin hayayyafa. Ƙwayoyin daji haka suke, amma haka ma na gashi, da na baki, da na jini. Shi ya sa gashi yakan zube, baki ya yi gyambo, tashin zuciya da kasala su biyo baya. Idan kuwa ciwon ya komo ya bazu haka, yawanci manufar likita ita ce ya rage masa gudu, ya sauƙaƙa wahala, ya ƙara wa mara lafiya lokaci. Ba kasafai ake sa ran warkewa ba. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, amma mai jikin yana da hakkin ya ji ta.

Karɓar magani ba rashin bangaskiya ba ne. A 2 Sarakuna sura 20, Ubangiji ya ƙara wa Sarki Hezekiya shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Addu'a da magani sun tafi tare.

Barin magani kuma, sa'ad da wahalarsa ta fi amfaninsa, ba kisan kai ba ne. Manzo Bulus ya roƙa sau 3 a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alherin da ya ishe shi. Wanda ya daina kemo bai nemi mutuwa ba. Ciwon ne yake kai shi. Kuma ba a daina kula da shi ba: ana zuƙe ruwan ciki, ana ba da morfin domin zafi.

Zunubin da nake tsoro namu ne, mu masu lafiya. Mukan ɓoye wa mara lafiya gaskiya, mu sayar da gona, mu matsa masa ya ci gaba, domin mu ne ba mu shirya rabuwa ba. Wasunmu kuma sukan ce da yana da bangaskiya da ya warke. Wannan ƙarin kaya ne a kan mai kaya.

Na ce mata, "Mama, ki tambayi likita abin da maganin zai iya ƙara miki, ki yi addu'a, ki zaɓa. Ko kin ci gaba ko kin daina, ke ta Almasihu ce." Ta zaɓi komawa gida. Matan zumunta suka raba kwanaki a tsakaninsu, ba ta taɓa kwana ita kaɗai ba.

'Yan'uwa, ku je ku zauna da masu irin wannan ciwo. Ku saurara kafin ku yi wa'azi.