Laifi Tudu Ne: Mu Fara Duba Namu

'Yan'uwa mazauna Sabo, da masu zuwa mana Juma'a daga Shasha da Bodija da sauran unguwannin Ibadan,

A 'yan watannin nan kukan da ya fi zuwa gaban kwamitin masallaci iri ɗaya ne: jari ya karye. Mutum zai zo ya zauna ya ce an sa masa hannu, ko maƙwabcin rumfa ya yi masa baki, ko 'yan gari ne ba sa son ci gabansa. Mukan saurara, mu jajanta masa. Amma da an ce, "To Alhaji, ina littafin da kake rubuta shiga da fita?" sai ka ji shiru.

Ba mu ce babu jarrabawa ba. Waɗanda aka ƙona wa rumfuna a rikicin Shasha na watan Fabrairun 2021 ba su suka jawo wa kansu ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya san yadda kuɗin ɗauko kaya daga Arewa ya tashi. Hassada gaskiya ce, kambun baka ma gaskiya ne. Wannan duk ba a hannunmu yake ba, mai haƙuri kuma yana da lada. Maganarmu ta yau a kan abin da ke hannunmu ne.

Mu tuna yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira. Manzon Allah (SAW) ya tsayar da maharba 50 a kan wani tudu, ya shugabantar musu da Abdullahi ɗan Jubairu, ya ce kada su sauko, ko an yi nasara ko ba a yi ba. Da suka ga Ƙuraishawa sun ba da baya, mafi yawansu suka sauko ɗibar ganima. Khalid ɗan Walid, a lokacin bai musulunta ba, ya zagayo da mahaya dawakai ta baya. Sahabbai kusan 70 suka yi shahada, har da Sayyidina Hamza, shi kansa Annabi aka ji masa rauni a fuska. Musulmi suka shiga mamakin ta inda wannan ya zo musu. Aya ta 165 ta Suratu Ali Imrana ta mayar musu da amsar gida, ta nuna musu cewa daga wajensu abin ya faro. Maƙiyi yana nan da takobinsa, amma ƙofar da ya shigo su suka bar ta a buɗe. To in an faɗa wa sahabbai haka alhali Annabi yana cikinsu, mu su wa?

Kowannenmu yana da tudun da aka ba shi tsaro. Mai kayan gwari da ke zura hannu a uwar kuɗi duk lokacin da aka kira shi daga gida ana biki, don kada a ce ya je Kudu bai samo ba, ya sauka daga tudunsa. Haka wanda ke ba da kaya bashi da baki kawai yana cewa ai ɗan garinmu ne, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Haka matashin da ya wuni a kan babur cikin rana, da dare ya zuba cinikin a cacar ƙwallo ta waya. Haka mai jera manyan tumatir a saman kwando ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa. Matar da ta saya yau ba za ta dawo gobe ba, kuma sai ta gaya wa ƙawayenta. Sannan mu ce kasuwa ta mutu. A gida ma haka ne: uba ya fita tun asuba sai bayan isha'i, bai san ko yaro ya je Islamiyya ba, in yaron ya lalace ya ce uwar ce, ko ya ce zaman Kudu ne.

Wani zai ce ai ƙaddara ce. Gaskiya ne, babu abin da ke faruwa sai da ikon Allah. Amma mutumin da ya tambayi Annabi a kan raƙumarsa, ɗaure ta aka umurce shi ya yi tare da tawakkali. Mu kuma duba Suratul A'araf. Annabi Adamu da Nana Hauwa'u sun amsa cewa su suka zalunci kansu, aka karɓi tubarsu. Iblis ya jingina ɓatansa ga Ubangiji, ya tabbata korarre. Maharban Uhudu ma Allah Ya yafe musu. Amsa laifi ba faɗuwa ba ce, 'yan'uwa, nan gyara yake farawa. Wanda ya ce sammu ne, kuɗin da ya rage masa ma wajen boka zai kai, ya haɗa asarar dukiya da ta imani.

Saboda haka kafin Juma'a mai zuwa, kowa ya keɓe bayan isha'i ya tuna asararsa ta ƙarshe, ya tambayi kansa tsakaninsa da Allah: mene ne rabona a ciki? Ya sayi littafi da biro ya fara rubuta ciniki da bashi. Ya ware jari daban, kuɗin cefane daban. Mai manhajar caca a waya ya goge ta yau. Wanda ya zargi ɗan'uwansa da asiri ba tare da hujja ba, ya je ya nemi afuwarsa. Wanda rubutu ke ba wahala ya same mu a ofishin masallaci bayan la'asar, za mu zauna da shi, kuma maganarsa ba za ta fita ba.

Allah Ya nuna mana aibin kanmu, Ya ba mu ikon gyarawa, Ya sa albarka a kasuwanninmu da iyalanmu, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Amin.

Daga Sakataren Masallaci