Darasi na 9: Mutanen Biriya da Binciken Littattafai

Karatu: Ayyukan Manzanni 17:1-14

Tun muna ƙanana aka koya mana cewa bin na gaba bin Allah ne. Akwai gaskiya cikin wannan, gama Littafi Mai Tsarki ya umurce mu mu girmama shugabanninmu. Amma na gaba mutum ne, yana iya kuskure. Darasinmu na yau yana nuna mana yadda za mu gwada abin da ake koya mana.

Wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Almasihu, Bulus ya yi wa'azi cikin majami'ar Tasalonika har Asabar 3. Da hargitsi ya tashi, 'yan'uwa suka sallame shi da Sila da dare zuwa Biriya, wani gari a ƙasar Makidoniya. Yahudawan Biriya suka saurare shi da marmari, suna kuwa buɗe Attaura da Annabawa kowace rana domin su gani ko abin da ya faɗa haka yake. Luka ya yabe su saboda wannan. Da yawa cikinsu suka ba da gaskiya, har da manyan mata Helenawa. Ashe, manzo kansa bai fi ƙarfin a gwada maganarsa ba.

Mu tuna da mutumin Allah da aka aika Betel (1 Sarakuna 13). Ubangiji ya hana shi ci ko sha a can. Wani tsohon annabi ya ce masa mala'ika ya sake umurnin, ƙarya kuwa yake yi. Mutumin Allah ya ga furfura, ya yarda, ya ci. Kan hanyarsa ta komawa zaki ya kashe shi.

A Antakiya kuma, sa'ad da Bitrus ya janye daga cin abinci tare da al'ummai, har Barnaba ya bi sawunsa. Bulus ya tsauta wa Bitrus a gaban jama'a (Galatiyawa 2:11-14), ko da yake Bitrus ya riga shi zama manzo.

Mu dai mun sami Littafi Mai Tsarki dukansa cikin Hausa tun 1932, ba mu da hujja. Idan mai wa'azi ya zo mana da mafarki, ko ya ce albarka sai da kuɗi, mu tambaye shi sura da aya, mu karanta abin da ke gaba da abin da ke baya. Mu yi tambayar da ladabi, a shirye mu karɓi gyara, gama mu ma mukan yi kuskure. Matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi
1. Don me Luka ya yabi mutanen Biriya?
2. Mene ne laifin mutumin Allah, tun da yake ruɗinsa aka yi?
3. Ta yaya ƙarami zai tambayi dattijon ikkilisiya ba tare da reni ba?

Addu'a: Mu roƙi Ubangiji ya ba mu zuciya mai tawali'u, da ƙarfin hali na tsayawa kan Maganarsa.