Fankar sama da tambayar ƙaddara

Daga Maris zuwa Mayu zafin Njamena yakan wuce digiri 40, shi ya sa duk gidan da aka ja wa wuta, daga Farcha har Diguel, fankar sama ce farkon abin da ake ratayawa. Da yake ɗauke wuta ya zama ruwan dare, mutane da yawa lokacin da aka ɗauke suke hawa tsani su haɗa waya, wai ai babu wuta. To amma kamfanin wuta ba ya sallama kafin ya dawo da ita. Volt 220 ke shigowa gida, kuma ɗan abin da ya ratsa ƙirjin mutum ya isa ya birkita bugun zuciya. Wanda bai mutu da jan wuta ba, faɗowa daga tsani na jiransa.

Idan abin ya faru, a wurin gaisuwa za a ji ana cewa kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, kuma babu abin da ya kai wannan magana sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi. Tambayar ita ce ko ta wanke wanda ya yi sakaci.

Sahabbai sun taɓa fuskantar irinta. A zamanin annobar Amwas, wajen shekara ta 639, Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, ya isa Sargh, aka gaya masa cuta ta ɓarke, ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi. Umar ya kawo masa misalin makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kai raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kai su, amma shi ya zaɓa.

Zaɓuɓɓukan mai haɗa fanka ƙanana ne, ga su a fili. Zai sauke babban makunnin da ke wajen mita, ko da unguwa duka duhu ce, ya kuma raba janareta da layin gidan. Zai taɓa kowace waya da testa kafin ya sa hannu. A tsarin Faransa da aka saba bi a Chadi, shuɗiya ce ta komawa, mai kore da rawaya ta ƙasa, ja ko ruwan ƙasa ita ce mai wuta, sai dai a tsohon gida launi ba abin dogara ba ne. Makunnin bango dole wayar wuta zai yanke. In aka juya, fanka za ta tsaya cik alhali wuta na nan kwance a cikinta, tana jiran wanda zai hau gyara bayan shekara biyu. Wannan kuskure ya fi tayar da hankali, domin wanda ya yi shi ba shi zai kwashi wutar ba. Haka ƙugiyar rataye fanka: a jikin ƙarfen rufi ko kankare ake kafa ta, silin katako ba ya riƙe abu mai nauyi da ke juyawa dare da rana a saman yara.

Fiƙihun Malikiyya, wanda galibin Musulmin Chadi ke bi, bai bar ƙaddara ta zama mafakar mai ganganci ba. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta ɗora lamuni a kan wanda ya haƙa rijiya a hanyar jama'a ba bisa ƙa'ida ba, wani ya faɗa. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya da kaffara a kisan kuskure, duk da ajalin mamacin rubutacce ne. Ko wayar da aka naɗe da leda maimakon salatif ta shiga wannan babi, alƙali ne zai yanke, amma kamarta da rijiyar nan ba ta ɓuya.

Maigida ma yana da nasa kason. Shi ne yakan tsuke kuɗin aiki har mai gyara ya sayo siririyar waya, shi ne yakan ce a bar na'urar da ke katse wuta da zarar milli-amfiya 30 ta zurare, wai tsada. Sau da yawa kuma ɗan haya ne zai kwana ƙarƙashin fankar, mutumin da ba a yi cinikin da shi ba, bai kuma ga abin da aka rufe cikin silin ba.